Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Sauyin Yanayi ta Ƙasa: A Ina Harajin Kabon Zai Ci a Najeriya?

Zuwa ga Majalisar Kula da Sauyin Yanayi ta Ƙasa, Abuja, tare da Mai Girma Ministan Kuɗi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta ɗora muku nauyin haɗa kai da hukumar tara haraji ta tarayya, ku tsara yadda za a riƙa karɓar harajin kabon a ƙasar nan, wato kuɗin da ake biya kan kowane tan na iskar kabon da aka fitar. A watan Fabrairun 2023 aka sanar cewa shirin yana tafe. Sai kuma Dokar Haraji ta 2025 ta zo da ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan farashin fetur da dizal, aka bar wa Ministan Kuɗi ya sa ranar da za a fara karɓa. Tun daga nan ake ta cakuɗa abubuwan biyu a baki, wasu na cewa ai harajin kabon ɗin ke nan ya iso, wasu na cewa duk dabarar tatsar talaka ce aka sa mata rigar muhalli. Mu masu aikin lissafin makamashi da haraji ne, kuma mun rubuto ne kan tambayar da ta kamata a amsa kafin a buga wata takarda: shin wannan haraji yana rage hayaƙin da ke ɗumama duniya kuwa, kuma idan yana ragewa, a wane wuri?

Yana ragewa. Wani nazari da aka wallafa a 2024 ya tattara bincike 80 kan tsare-tsare 21 na sa wa kabon farashi, ya gano ragin da ya kama daga kashi 5 zuwa 21 cikin 100, wanda ya sauko zuwa kashi 4 zuwa 15 bayan an yi la'akari da cewa an fi son wallafa binciken da ya fito da sakamako mai daɗi. Wani bitar na 2021, na Jessica Green, ya fi tsauri: ya ce a mafi yawan wurare ragin bai wuce kashi 2 cikin 100 a shekara ba. Duka biyun suna iya zama gaskiya a lokaci guda, domin kashi 2 a shekara idan ya taru shekara biyar ya kai kusan goma. Abin da ya fi matsakaicin adadin amfani gare ku shi ne tazarar da ke tsakanin inda harajin ya yi aiki sosai da inda ya zama sunan banza, da dalilin wannan tazara.

A ɗauki Birtaniya, domin can ne abin ya fi fitowa fili. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkinsu daga kwal yake. A watan Afrilun 2013 suka ɗora wa tashoshin lantarki harajin kabon na cikin gida a kan farashin da kasuwar kabon ta Turai ta riga ta sa, ya hau har ya kai fam 18 kan kowane tan. Tashar kwal tana fitar da kusan kilo 900 na iskar kabon kafin ta samar da megawat ɗaya na awa guda, tashar gas kuwa kusan kilo 400. Fam 18 ɗin nan ke nan ya ƙara wa mai kwal fam 16, mai gas kuma fam 7. Wannan bambancin na fam 9 ya isa ya sauya wace tasha za a fara kunnawa da safe. Zuwa 2019 kwal ya koma kusan kashi 2, kuma a ƙarshen Satumban 2024 aka kashe tashar kwal ta ƙarshe a Ratcliffe-on-Soar. Akwai wasu dalilai da suka taimaka, kamar injinan iska da dokokin tsaftar iska. Amma ku lura da abu guda: tashoshin gas ɗin suna nan a gine tun kafin harajin, wasunsu ma a kwance ba sa aiki. Masu yanke shawarar kuma kamfanoni ne 'yan ƙalilan masu akantoci, waɗanda ke lissafin riba awa-awa.

Suwidin ta fara nata a 1991 da kurona 250 a tan, shekara guda bayan Finlan, yanzu kuma ya haura dala 100. Inda ya fi ci shi ne ɗumama gidaje. Garuruwansu suna da bututun ruwan zafi daga tukunya guda ta gari, saboda haka sauya man tukunyar zuwa ɓaraguzan katako da shara bai buƙaci a shiga gida-gida ba. A harkar sufuri kuwa, binciken Julius Andersson na 2019 ya nuna ragin kusan kashi 11 cikin 100, ɓangare mafi girma daga harajin kabon, sauran daga harajin kayan masarufi da aka ɗora wa mai a daidai lokacin. Kashi 11 a ƙasar da ke da jiragen ƙasa da motocin haya masu zuwa kan lokaci. A lardin British Columbia na Kanada, inda aka fara da dalar Kanada 10 a 2008 ana ƙara 5 duk shekara har 30 a 2012, ƙiyasin ya tsaya tsakanin kashi 5 da 15.

Inda abin bai yi ba ya kasu gida biyu. Akwai wanda aka huhhuje tun a takarda. Afirka ta Kudu ta fara a watan Yunin 2019 da rand 120 a tan, amma aka yafe wa masana'antu kashi 60 zuwa 95 na hayaƙinsu, sai abin da ake biya da gaske ya koma rand 6 zuwa 48. Lantarki, wanda shi ne uwa uba wajen hayaƙin ƙasar, an tsara shi yadda harajin ba zai taɓa farashinsa ba a zangon farko. Kwamitin Joseph Stiglitz da Nicholas Stern ya ce a 2017 ana buƙatar dala 40 zuwa 80 a tan kafin 2020. Rand 6 bai kai rabin dala ba. Ghana ma, maƙwabciyarmu a Ecowas, ta gwada a farkon 2024 da wani kuɗin hayaƙi na shekara-shekara: sidi 75 kan babur da mai ƙafa uku, 150 kan ƙananan motoci, 300 kan manya. Wanda ya yi tafiyar kilomita dubu ɗari da wanda motarsa ke kulle a gareji kuɗi ɗaya suke biya, to me zai sa wani ya rage shan mai? An soke shi a 2025.

Akwai kuma wanda siyasa ta kashe. Ostireliya ta sa dalar Ostireliya 23 a tan a watan Yulin 2012, ta soke a Yulin 2014; hayaƙin lantarki ya sauka a tsakani, ya sake hawa bayan sokewa. Faransa ta taso daga yuro 7 a 2014 zuwa 44.6 a 2018, sai masu zanga-zanga masu rigar ɗorawa suka cika tituna a watan Nuwamban wannan shekara, aka daskarar da shi a nan. Kanada ta mayar wa iyalai kusan kashi 90 na kuɗin, amma mutane suna ganin harajin duk ranar da suka je gidan mai, kuɗin mayarwar kuwa yana shiga asusu shiru sau huɗu a shekara, da yawa ba su ma san na mene ne ba. A ranar 1 ga Afrilun 2025 aka mayar da harajin masu saye sifili. Kamfanin da zai gina tasha ta shekara talatin ba ya gina ta kan harajin da yake zaton zaɓe mai zuwa zai share.

Yanzu mu dawo gida da alƙalami. Litar fetur idan ta ƙone tana ba da kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7. Harajin dala 10 a tan ke nan ya zama senti 2.3 a litar fetur. Idan aka ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira 35 ke nan. Ƙarin kashi 5 ɗin nan kuwa, a litar naira 900, naira 45 ne, wato kamar dala 13 a tan. Kuma shi farashi yake bi, babu ruwansa da kabon. Ranar da ɗanyen mai ya faɗi, mutane suka ƙara sha, ranar ce harajin zai ragu. Ranar da mai ya yi tsada har an rage sha, ranar ce zai ƙaru. Asalinsa ma kuɗin gyaran hanya ne da aka sa a dokar hukumar gyaran titunan tarayya tun 2007. Idan kuɗin hanya ake nema, a kira shi da sunansa, a yi muhawarar a kan haka. Muna roƙon kada a rubuta shi a rahoton da ake kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin matakin rage hayaƙi.

Ai gwajin gidan mai an riga an yi shi, ba tare da an kira shi gwaji ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki lita ta tashi daga wajen naira 190 zuwa sama da 500. Ƙarin naira 300 a lita daidai yake da naira 130,000 a kan tan na kabon. Ko da an lissafa dala a naira 750, kusan dala 170 ke nan a tan, ya zarce na Suwidin, kuma dare ɗaya aka yi shi, su kuwa shekara talatin suka ɗauka. Alƙaluman hukumar da ke kula da rarraba mai sun nuna abin da ake ɗauka daga defo-defo ya sauko daga sama da lita miliyan 60 a rana zuwa ƙasa da 50. Wannan ragi ne na gaske a takarda, amma sai an tsefe shi. Wani kaso mai yawa man da ake fasa-ƙwaurinsa ne, wanda ke bi ta Illela zuwa Ƙonni, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Mubi zuwa arewacin Kamaru. Da ribar ta mutu, jarkokin suka ragu, kwalaben 'yan bumburutu a can suka yi tsada. Direban Maraɗi bai jingine motarsa ba, ya koma gidan mai ne ya sha na matatar Damagaram. Sararin sama bai san iyaka ba. Wannan kaso ya fita daga lissafin Najeriya ya shiga na Nijar. Sauran ragin kuwa na mutanen da suka ajiye mota suka hau Adaidaita Sahu ne, da mai walda da ya rage awannin janareta domin aikin ba ya biyan mai, da ma'aikacin da ya koma zuwa ofis kwana uku a mako.

Idan ƙarin naira 300 wannan ya iya, me naira 45 za ta yi? Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna idan farashin mai ya hau kashi 10, sha yana raguwa da kashi 1 zuwa 3 a gajeren lokaci. Ƙarin kashi 5 ke nan zai rage rabin kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Lita miliyan 50 a rana tana ba da kusan tan miliyan 42 na iskar kabon a shekara, ragin da za a samu kenan bai kai tan miliyan ɗaya ba, wataƙila ma rabinsa. Dalilin a bayyane yake. Mai shagon ɗinki a Kantin Kwari ko mai niƙa a ƙauye ba shi da wata tashar gas a kwance da zai koma. Layin lantarkin ƙasa yana kai-komo tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane sama da miliyan 200. Motar da za a mayar mai amfani da iskar gas tana rage hayaƙi wajen kashi ɗaya cikin biyar, amma sai da wurin shan gas ɗin a kusa, kuma Arewa ta dogara ne da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da aka fara a 2020. Kafin tashoshin shan gas su wadata a hanyoyin Arewa, ƙarin kuɗin fetur kuɗin mota kawai zai ƙara, daga nan ya faɗa kan kwanon masara.

Akwai wurin da harajin zai ma ƙara hayaƙi. Kilon gas na girki yana ba da kusan kilo 3 na iskar kabon, don haka a tsarin da ya ce kowane kabon a biya, tukunyar kilo 12.5 za ta shiga. Amma matar da gas ya fi ƙarfinta gawayi take komawa, gawayi kuwa ba ya bi ta defo, ba shi da rasit, daga daji yake zuwa a buhu. A turken gargajiya na binne itace da ƙasa, sai an ƙona kilo biyar ko fiye na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi, ga iskar methane, wadda ita ma ke ɗumama duniya, da ke fita yayin turarawa. Dokar 2025 ta ware gas na girki da kananzir na gida da iskar gas ta mota daga ƙarin kashi 5, kuma daidai ta yi. Duk tsarin harajin kabon da za ku fitar ya riƙe wannan warewar a rubuce cikin dokar kanta, kada a bar ta a hannun sanarwar da za a iya janyewa.

Wurin da Najeriya ke da irin yanayin Birtaniya, wato masu biya kaɗan, abin aunawa a fili, ga kuma mafita, shi ne bakin bututun da ake ƙona gas a Neja Delta. Ƙiyasin Bankin Duniya ta tauraron ɗan'adam ya nuna ana ƙona kubik mita biliyan 5 zuwa 7 a shekara a 'yan shekarun nan, abin da ya sa muke cikin ƙasashe goma na gaba a duniya. Kowane kubik mita yana ba da kusan kilo 2 na iskar kabon, jimla sama da tan miliyan 10. Rage rabin wannan ya ninka abin da ƙarin kashi 5 zai kawo sau da yawa, kuma gas ɗin da aka ceto shi ne wanda tashoshin lantarki da masu cika tukunya ke nema.

Mun daɗe da harajin kabon a wannan wuri, sunansa ne tara. Dokar 1979 ta ce a daina ƙonawa daga 1 ga Janairun 1984. Shekaru da dama tarar naira 10 ce kan kubik ƙafa dubu, kuɗin da bai kai a tsaya lissafa shi ba. Ƙa'idar 2018 ta ɗaga ta zuwa dala 2 ga mai haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da senti 50 ga na ƙasa da haka. Kubik ƙafa dubu na gas yana ba da kusan kilo 55 na iskar kabon, saboda haka dala 2 daidai take da dala 36 a tan, senti 50 kuma dala 9. Dala 36 ba abin rainawa ba ne, ta fi abin da ƙasashe da yawa ke karɓa. Abin da ya fi rage ƙonawar a tarihi kuwa shi ne buɗe masana'antar sarrafa gas ta Bonny a 1999, da ta samar wa gas ɗin mai saye. Inda bututun tattarawa ya isa, wuta ta ragu. Inda rijiya ke can cikin fadama ita kaɗai, biyan tara ya fi jan bututu arha.

Matsalolin wannan tarar sanannu ne. Na farko awo. Idan kamfani ne ke faɗin yawan abin da ya ƙona, to mai laifi ne ke rubuta wa kansa hukunci. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta sa mita, ta kuma hana a cire tarar daga ribar da ake yi wa haraji. Abin da ya rage shi ne a riƙa gwada abin da mita ta ce da abin da tauraron ɗan'adam ya gani, domin hukumar sa ido kan malalar mai tana da manhajar bibiyar wutar gas tun tuni. Idan tazarar ta wuce wani kaso da za ku yanke, a caji kamfani da adadi mafi girma har sai ya kawo hujja. Sai rabe-raben ganga 10,000. Manyan kamfanonin waje suna ta sayar da rijiyoyin kan tudu ga ƙananan kamfanonin gida, wato wutar da ake biya wa dala 2 tana iya komawa ta senti 50 alhali harshenta bai ragu ba. Tan ɗaya tan ɗaya ne, ko na wa ne. A haɗe farashin a hankali cikin shekaru da aka sanar tun farko.

Wanda ya fi haɗari shi ne wannan. Idan aka tsaurara kan wutar da ake gani kaɗai, hanya mafi arha ta kauce wa tauraron ɗan'adam ita ce a kashe wutar a saki gas ɗin ɗanye, wanda yawancinsa methane ne. Methane kuwa ya fi iskar kabon ɗumamawa kusan sau 80 a cikin shekara ashirin. Ko wutar da ke ci ma, lissafin da aka saba shi ne tana cinye kashi 98 na gas ɗin, amma awon da aka yi ta jirgin sama a filayen man Amurka, aka wallafa a 2022, ya samu kusan kashi 91, saboda wasu bututun a mace suke, wasu iska na kaɗa su. Don haka farashin sakin ɗanyen gas dole ya ninka na ƙonawa sau da yawa, kuma a sa binciken ba-zata da kyamarar gano yoyon gas a cikin sharuɗɗan lasisi.

Bayan gas sai siminti. Masana'antun ƙirgaggu ne: Obajana, Ibese, Gboko, Ewekoro, Okpella, Ashaka, Kalambaina da wasu 'yan kaɗan. Kowane tan na gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti yana sakin kusan rabin tan na kabon daga dutsen farar ƙasa kansa, kafin a zo kan kwal ko gas da aka hura murhun da shi. Mafita akwai: rage kason gasasshen dutsen a buhu ta hanyar gauraya gasasshen yumɓu, hura murhu da ɓuntun shinkafa ko ɓawon kwakwar manja maimakon kwal, da juya zafin da ke fita ta bututun hayaƙi ya zama lantarki. Sai dai kasuwar simintinmu hannu kaɗan ke riƙe da ita, kuma a irin wannan kasuwa haraji kan zarce kai tsaye zuwa farashin buhu. Maganinsa a sa ma'auni na kabon a kowane tan na siminti: wanda ya haura ya biya kan abin da ya haura, wanda ya gaza ma'aunin a ba shi rangwame, ma'aunin kuma ya riƙa sauka duk shekara. Kowane tan da aka rage yana da daraja ga kamfani, buhu kuma bai ɗauki dukan nauyin ba. Ga wani dalili na waje: Tarayyar Turai ta fara matakin ƙarshe na harajin kabon na kan iyaka a Janairun 2026, wanda ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyom da takin zamani, kuma tana rage wa mai kaya abin da ya riga ya biya a gida. Takin yuriya da za mu kai can, ko mu karɓi kuɗin kabonsa a Abuja, ko a karɓe shi a tashar jirgin ruwan Turai.

Kafin a karɓi kobo ɗaya, a ba masana'antun nan shekara biyu suna kawo rahoton hayaƙinsu, masu bincike masu zaman kansu suna tantancewa, ana wallafawa masana'anta-masana'anta. Afirka ta Kudu ma sai da ta fara wajabta rahoto a 2017 kafin harajin 2019. Ba tare da wannan ba, ba za ku san ma'aunin da za ku sa ba, kuma bayan shekara biyar babu mai iya cewa harajin ne ya rage hayaƙi ko kasuwa ce ta faɗi. Farashin kuma a rubuta jadawalinsa na shekara goma, a ɗaure shi da hauhawar farashi ko da dala, kada ya bi sawun naira 10 ta tarar gas.

Kuɗin da aka tara, dokar 2021 ta riga ta kafa Asusun Sauyin Yanayi. Darasin Kanada shi ne mayar da kuɗi a ɓoye ba ya sayen amincewar kowa, balle a nan inda mutane ke tambayar inda rarar tallafin mai ta shiga. A kashe shi kan abin da ake gani da ido kuma yake buɗe mafitar da babu: bututun tattara gas zuwa ƙananan rijiyoyi, sola a kasuwanni da asibitocin karkara, tukunyar gas da kan murhu ga gidajen da ke kan itace, tare da sanarwar wata uku-uku ta nawa ya shigo, daga wane kamfani, aka kashe a wace ƙaramar hukuma. Alƙawarin da aka yi a Glasgow a 2021 na kaiwa ga daidaiton hayaƙi, wato abin da ake fitarwa kada ya wuce abin da ake zuƙewa daga iska, a 2060 ne, akwai lokacin da za a zo kan fetur da dizal. Sharaɗin da muke ba da shawara a rubuta shi ne adadin tashoshin shan iskar gas a kowace jiha da awannin lantarki a rana da za a cimma tukuna, a kuma bar wa hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta tabbatar an cimma su kafin Minista ya sa hannu.

Allah Ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masu nazarin makamashi da haraji.